Hamayyar Abokan Ƙungiya da Fifiko a Tseren Babura

Hamayyar abokan ƙungiya, a tseren babura na ƙwararru, ita ce gabar da ke shiga tsakanin matuƙa biyu da kamfani ɗaya ya ɗauka aiki, ya ba su babur iri ɗaya, ya ajiye su a gareji ɗaya. Fifiko kuwa shi ne kamfanin ya karkata ga ɗayansu: ya fara ba shi sababbin kayan inji, ko ya ƙera babur daidai da salon tuƙinsa, ko ya umarci ɗan'uwansa ya kauce masa a hanya ranar tsere. Abubuwan nan biyu sun taso tare da gasar duniya tun da hukumar FIM ta kafa ta a 1949, kuma ba su rabu da ita ba har yau da ake kiran babban ajinta MotoGP, sunan da ya samu a 2002. Tarihin shekaru fiye da 70 ya nuna cewa ƙungiyoyi sun jure wa hamayya, wasu ma sun ci ribarta. Abin da ya fi yi musu ɓarna shi ne fifikon da aka ƙulla a ɓoye, ko wanda aka yanke tun kafin filin tsere ya nuna wanda ya cancanta.

Tushen matsalar

A Tasawa da Mayahi babur abin neman abinci ne, na ɗan kabu-kabu da na mai kai kaya kasuwannin ƙauye. Tseren ƙwararru wata duniya ce daban, amma tsarinsa ba zai zama baƙo ga wanda ya san kokawar gargajiya ta Nijar ba. Tun 1975, lokacin da Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, jiha ce ke zuwa gasa da tawagarta. A yau kowace jiha tana kawo ƴan kokawa 10, tare suke atisaye, suna jiha ɗaya suke karewa, amma takobi ɗaya ne, kuma mutum ɗaya zai rataya shi. Haka abin yake a gasar babura. Kambu uku ake rabawa a ƙarshen shekara: na matuƙi, na ƙungiya da na kamfanin da ya ƙera babur. Kamfani yana son duka ukun, matuƙi kuwa na farkon kaɗai yake mafarki, domin shi ne jama'a ke tunawa. Wanda ya zo na ɗaya a tsere yana samun maki 25, na biyu 20, na uku 16, don haka idan abokan ƙungiya suka zo na ɗaya da na biyu, kamfani bai damu da wane ne a gaba ba, alhali a wurinsu makin nan 5 na iya zama bambancin zakara da wanda aka manta.

Akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi. Idan matuƙin Yamaha ya sha kaye a hannun matuƙin Honda, yana da abin faɗi: injinsu ya fi nawa ƙarfi. Idan kuwa abokin ƙungiyarsa ne ya wuce shi, bakin magana ya ƙare, domin babur ɗaya ne, taya ɗaya ce. Abokin ƙungiya shi ne ma'aunin da ake auna mutum da shi lokacin sabunta kwantiragi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ya sa zargin fifiko ke saurin tashi: shi ne mafakar da ta rage wa wanda aka wuce. Wannan bai sa zargin ya zama ƙarya a kowane lokaci ba. Kamfani ba ya buƙatar lalata babur ɗin kowa kafin ya nuna bambanci. Ya isa injiniyoyi su saurari koken mutum ɗaya lokacin da suke zaɓen inji da gangar babur na shekara mai zuwa, musamman da yake doka tana hana manyan kamfanoni sauya ƙirar inji bayan an fara kakar wasa. Wanda aka ƙera babur a kan ra'ayinsa ya riga ya ci rabin faɗan tun ba a tayar da inji ba.

Zamanin umarni daga sama

Darasin farko da ya shahara ya faru a 1968. Yamaha tana da Turawan Ingila biyu, Phil Read da Bill Ivy, kuma babu wani kamfani da ke iya ja da ita a ƙananan azuzuwa a shekarar. Sai shugabanni suka raba gado tun mai shi yana da rai: Read ya ɗauki kambun 125cc, Ivy ya ɗauki na 250cc. Ivy ya cika nasa alkawari, har ya rage gudu a tseren tsibirin Man ya bar Read ya wuce. Da Read ya tabbatar da kambunsa, sai ya ƙi bin tsarin, ya shiga neman na 250cc da gaske. Suka ƙare shekara da maki daidai, aka koma lissafin jimillar lokacin da kowa ya yi a tseren da suka kammala, Read ya kwashe kambu biyu. Ivy ya yi fushi ya koma tseren mota, daga baya ya dawo ya hau babur ɗin Jawa, ya rasu a haɗari a filin Sachsenring a watan Yulin 1969. Read kuma bai sake samun gurbi a ƙungiyar kamfanin Yamaha ba. Ana yawan ɗora laifin duka a kan Read, kuma ba shakka ya karya alkawari. Amma alkawarin kansa rubabbe ne, domin ya nemi mutumin da ke iya cin gasa ya yi kamar ba ya iyawa har tsawon shekara guda, ya kuma yaudari ƴan kallo da suka biya kuɗi suna zaton tsere suke kallo.

A Italiya, kamfanin MV Agusta ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Giacomo Agostini ya shigo a 1965 a matsayin ƙaramin abokin Mike Hailwood, da Hailwood ya koma Honda a 1966 sai gida ya zama nasa. Ya ci kambun 500cc sau 7 a jere, daga 1966 zuwa 1972. Da kamfanin ya kawo Read ya ajiye kusa da shi, zaman ya ƙi daɗi. Read ya ƙwace kambun a 1973, Agostini ya tattara ya koma Yamaha a 1974, kuma a 1975 ya ba ta kambun 500cc na farko da aka taɓa ci da inji mai bugu biyu. Wannan salon ya maimaitu sau da dama bayan haka: ɗan gaban goshi ya saba da gida shi kaɗai, a kawo masa wanda ya kai shi, ya ɗauki daidaito a matsayin cin fuska, ya fice.

Hamadar Nijar ma ta ga irin wannan. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta fara a watan Disamban 1978, ta sha ratsa Agadas da Tenere. Hubert Auriol ya ci ajin babura da BMW a 1981 da 1983. Da Gaston Rahier ɗan Beljiyam ya yi ƙarfi a ƙungiyar, ya ci gasar 1984 Auriol yana biye da shi, sai Auriol ya koma Cagiva a shekarar da ta biyo. A 1989, a garin Gao na Mali, shugaban ƙungiyar motocin Peugeot, Jean Todt, ya jefa kwabo sama don raba gardama tsakanin Ari Vatanen da Jacky Ickx, sa'a ta faɗa kan Vatanen. Duk da sukar da wannan ya jawo, gasar hamada ta fi ta kwalta faɗin gaskiya a kan fifiko. A can ana ɗaukar matuƙi tun farko da sharaɗin cewa mataimaki ne, aikinsa ya bi jagora, ya ba shi taya ko kayan gyara idan ya lalace. Haka Ruben Faria ya yi wa Cyril Despres a KTM, har suka zo na ɗaya da na biyu a 2013. Ba a cika jin rigima a irin wannan tsari ba, domin kowa ya san matsayinsa kafin ya sa hannu a takarda.

Zamanin na'ura da katanga

Daga shekarun 1990 aka cika babura da na'urorin da ke rubuta duk abin da matuƙi ya yi: inda ya taka birki, yadda ya murɗa mai, gwargwadon kwanciyarsa a kwana. Sirrin gwani ya zama abin da abokin ƙungiya zai iya karantawa a kwamfuta. Mick Doohan na Ostareliya, wanda ya ci kambu 5 a jere da Honda daga 1994 zuwa 1998, ya ji zafin wannan a 1996, lokacin da Àlex Crivillé ya riƙa manne masa har ya wuce shi a Brno da tazarar daƙiƙa 0.002. A tseren ƙarshe na shekarar, a Eastern Creek, suka yi karo a zagayen ƙarshe suka zube. Amsar Doohan ita ce ya zaɓi wani inji mai wuyar sarrafawa a 1997, wanda abokansa ba su ji daɗinsa ba, ya ci tsere 12 cikin 15. A 1998 kuma, a ajin 250cc, Loris Capirossi ya buge abokinsa na Aprilia, Tetsuya Harada, a zagayen ƙarshe na tseren ƙarshe a Ajantina, ya ɗauki kambu, kamfanin kuma ya sallame shi yana zakara.

Honda ta sake shiga tsaka mai wuya a 2006. Nicky Hayden na Amurka yana jan ragamar gasa, saura tsere biyu, sai sabon abokinsa Dani Pedrosa ya zame a Estoril ta Fotugal ya kwashe shi. Valentino Rossi ya wuce gaba da maki 8. A Valencia Pedrosa ya buɗe wa Hayden hanya, Rossi ya faɗi ya ƙare na 13, Hayden ya ci kambu da tazarar maki 5. Amma babur ɗin 800cc da Honda ta fitar a 2007 ƙarami ne, ya fi dacewa da jikin Pedrosa, kuma da yake Pedrosa ɗan Sifaniya ne kamar kamfanin man Repsol da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar a lokacin, mutane da yawa sun ɗauka an riga an zaɓi magaji alhali zakara yana gida. Hayden ya koma Ducati a 2009. Pedrosa ya zo na biyu a gasa sau 3, bai taɓa cin kambun MotoGP ba.

Hamayyar da ta fi kowacce suna ita ce ta Rossi da Jorge Lorenzo a Yamaha. Da Lorenzo ya shigo a 2008, aka gitta katanga a tsakiyar gareji, bisa dalilin cewa Rossi yana hawan tayar Bridgestone, Lorenzo kuma Michelin, kuma kamfanonin tayar ba sa son sirrinsu ya tsallaka. A 2009 kowa ya koma taya ɗaya, amma katanga ba ta gusa ba. Rossi ya karye a ƙafa a Mugello a 2010, Lorenzo ya zama zakara, Rossi ya tafi Ducati ya yi shekara biyu bai ci tsere ko ɗaya ba, ya dawo a 2013. A 2015 suka kai ruwa rana har tseren ƙarshe. Bayan rikicin Rossi da Marc Márquez a Sepang ta Maleziya, aka hukunta Rossi ya tashi daga layin baya a Valencia, ya ƙare na 4, Lorenzo ya ci kambu da maki 330, Rossi yana da 325. Abin lura a nan shi ne lissafin kamfani. A 2008, 2009, 2010 da 2015 Yamaha ta kwashe kambu ukun gaba ɗaya, kuma duka shekarun nan mutanen biyu suna gareji ɗaya, da ƙyar suke gaisawa. Shugaban ƙungiyar, Lin Jarvis, ya ƙi naɗa ɗaya a kan ɗaya, kuma zaman doya da manjan da ya biyo baya bai hana Yamaha cin moriyar zamaninta mafi albarka ba.

Hujjojin masu goyon bayan fifiko

Hujja ta farko ita ce kamfani ne ke biyan kuɗi, don haka yana da ikon cewa wane ya wuce. Ikon kam yana da shi, amma tarihi ya nuna umarnin ba ya cika aiki a kan babur. A 2017 Andrea Dovizioso yana neman kambu da Ducati, sai ƙungiyar ta riƙa aika wa abokinsa Lorenzo, wanda ya baro Yamaha, wani saƙo a allon babur ɗinsa, wai shawarar ya koma saitin inji na 8, wanda kowa ya gane cewa kauce ake nufi. A Valencia an yi ta maimaita saƙon, Lorenzo bai kauce ba, daga baya duka biyun suka faɗi, Márquez ya ɗauki kambu. Umarnin da aka lulluɓe da dabara ya bar kowa da abin musu, ya kuma bar ƙungiya da kunya. A kwatanta da abin da Pedrosa ya yi a 2006, inda lissafi ya fito fili cewa Hayden ne ke da dama ta gaske, babu wanda ya kira taimakon nan zalunci.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: fifiko yana bin cancanta, kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wauta ce a ƙera babur a kan ra'ayin wanda ke baya. Márquez shi ne babban misalin masu wannan ra'ayi. Ya ci kambu 6 da Honda tsakanin 2013 da 2019, kuma a 2019 ya tara maki 420 da nasara 12, alhali abokinsa Lorenzo, mai kambun MotoGP 3, ya ƙare da maki 28. Babu mai hankalin da zai ce Honda ta yi kuskure da ta saurare shi. Kuskuren shi ne ta bar babur ya zama wanda mutum ɗaya kaɗai ke iya kaiwa gaba, ba ta ɗauki faɗuwar sauran matuƙanta a matsayin gargaɗi ba. Da Márquez ya karye a hannu a Jerez a watan Yulin 2020, Honda ba ta ci tsere ko ɗaya ba a shekarar, kuma ita ce ta ƙarshe a jerin kamfanoni a 2022, 2023 da 2024. Gaskiya ne akwai wasu dalilai: kamfanonin Turai sun riga na Japan gaba a fasahar fukafukan babur da na'urar saukar da shi ƙasa, kuma Yamaha ma ta ja baya a lokacin. Sai dai gwanintar mutum ɗaya ce ta rufe aibin babur ɗin shekara da shekaru, har gyara ya zo a makare.

Hujja ta uku ita ce barin matuƙa su fafata yana jawo asarar maki. Wannan ma gaskiya ne. Estoril shaida ce, haka Ajantina a 2016, inda Andrea Iannone ya kwashe Dovizioso a zagayen ƙarshe suna na biyu da na uku, Ducati ta rasa matsayi biyu a dandamalin girmamawa cikin ƙiftawar ido. Amma asarar irin wannan ta rana ɗaya ce, kuma maganinta ladabtar da mai ganganci, kamar yadda Ducati ta riƙe Dovizioso ta bar Iannone ya tafi Suzuki. Ba kowace fafatawa ce ke ƙarewa a ƙasa ba. A 2000 Olivier Jacque da Shinya Nakano, abokan juna a ƙungiyar Tech3 ta Faransa, sun kai neman kambun 250cc har layin ƙarshe a Phillip Island, Jacque ya ci da tazarar daƙiƙa 0.014, ba tare da umarni ko karo ba.

Halin da ake ciki

Tun 2016 dukan babura ke amfani da kwamfutar inji iri ɗaya da tayar Michelin, abin da ya rage ƙofofin nuna bambanci. Ducati kuma ta bi wata hanya daban: daga 2022 zuwa 2024 tana da babura 8 a fili, kuma kowane matuƙinta yana iya ganin bayanan ɗan'uwansa. Gwajin wannan tsari ya zo a 2024. A watan Yuni kamfanin ya zaɓi Márquez ya zama abokin Francesco Bagnaia a babbar ƙungiya daga 2025, ya tsallake Jorge Martín na ƙungiyar Pramac, wanda nan take ya sa hannu da Aprilia. Duk wani lissafin kasuwa yana cewa Ducati ta rage wa Martín tallafi don kada ya tafi wa abokan gaba da lamba 1. Ba ta yi haka ba. Martín ya ci kambu da maki 508, Bagnaia yana da 498 duk da nasararsa 11, kuma ya zama matuƙin ƙungiya mai zaman kanta na farko da ya yi haka a zamanin MotoGP. Ducati ta rasa lambar, amma ta tabbatar wa duk matashin da zai hau babur ɗinta cewa ba za a yi masa zagon ƙasa ba. A 2025 Márquez ya ci kambunsa na 7 a babban aji, ƙanensa Álex ya zo na biyu a kan babur ɗin Gresini, Bagnaia kuma ya sha wahala a kan babur irin na Márquez, tambayar da ta dami Honda ta fara leƙo sabon gida.

Ƙa'idar da za a iya cirowa daga wannan tarihi gajeriya ce. Babu kamfanin da zai iya kawar da fifiko gaba ɗaya, domin dole a ƙera babur a kan ra'ayin wani. Abin da ke hannunsa shi ne lokaci da gaskiya: a ba kowa kaya iri ɗaya muddin lissafi bai fitar da shi ba, a nemi taimakonsa a fili idan ya fita, a kuma faɗa wa mataimaki cewa mataimaki ne kafin ya sa hannu. Ƙungiyoyin da suka kiyaye wannan sun sha rigima a gareji amma sun tara kambu, waɗanda suka saɓa masa kuwa sun biya da matuƙi, ko da suna, ko da shekarun da suka ɓata suna gyaran babur da mutum ɗaya kaɗai ya iya hawa.